Ɗakin da Na Shafa wa Tila Farar Ƙasa

Waya ta karanta mini abin da wasunku suka rubuta a ƙarƙashin labarina na makon jiya. Wani ya ce gidan Tila nake so, ba Tila ba. To ka ji: rufin gidan nan sau biyu ina gyara shi, na san duk inda yake yoyo, ko kyauta aka ba ni ba na so. Wata kuma ta ce namiji ɗan shekara hamsin da huɗu ya kamata ya ji kunyar rubuta soyayya a waya. Na ji kunyar, 'yata, har ta gaji ta tafi. Mai son ji ya zauna, amma yau ba labarin daɗi na zo da shi ba.

Waɗanda yau suka shigo, sunana Eusebio. A garinmu Chebo ake ce mini, waɗanda na yi wa gini kuma su ce Maistro. Tun ina shekara goma sha ɗaya nake ɗaukar bulo. Matata ta rasu shekara tara ke nan. Otilia, wadda kowa ke kira Tila, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, tamal, wato alalen masara, take sayarwa a bakin kasuwa kafin ƙafafunta su fara kumbura. Shekara uku muna tare, ita a gidanta ni a nawa. Ba mu je coci an ɗaura ba saboda ɗanta Rigo bai so, ita kuma ba ta son ɓacin ransa.

Bana ƙodojinta duka biyu suka tsaya. Likitoci sun sa mata siririyar roba a ciki, ƙasa da cibiya kaɗan. Ta nan ake zuba ruwan magani, ya zauna awanni ya tsotse dattin jini, a fitar da shi, a zuba sabo. In a gida ne, sau huɗu kowace rana, ba Lahadi, ba ranar biki.

Yanzu a asibiti ake yi mata, kwana biyu a mako, a ɗaki mai gado takwas. Kafin su yarda a koma yi a gida, abu biyu suke nema: ɗaki da mutum. Ɗakin sai nas ta gani da idonta ta sa hannu. Mutumin sai ya ci jarrabawarta. Rigo yana da ɗaki a birnin Guadalajara, hawa na huɗu, an riga an duba an amince, matarsa Dalia kuma ta ci jarrabawar tun zaman farko. Tila ta ce ita a garinmu take son zama, wurina. Asibiti suka ce to, sun ba ni zuwa Talata, don akwai masu jiran gadon nan. In takardata ba ta cika ba, motar da ke kawo kwalayen ruwan magani gidan Rigo za ta riƙa kaiwa, kuma inda kwalayen suke, nan Tila take.

Mai koya mana sunanta Nas Herlinda. Gajeruwa ce, tabaranta rataye da igiya a wuya, shekara ashirin da biyu tana wannan aiki. Ranar da ta fara ganina, mako uku da suka wuce, ko fuskata ba ta kalla ba. Hannuna ta kama ta juya kamar mai sayen kifi.

Ta ce, "Da waɗannan za ka taɓa cikin mace?"

Na ce, "Da su na gina rabin garinmu."

"Na gani. Ragowar rabin yana nan ƙarƙashin farcenka."

Ta nuna mini tsagar da siminti ya yi mini a yatsu, baƙaƙe, wasu har suna jini in na dunƙule hannu. Ta ce kowace tsaga gidan ƙwayar cuta ce, sabulu ba ya kaiwa can. Ta ce daga ranar ba siminti, ba yashi, ba komai, sai man shafawa safe da yamma, kuma in ta ga rauni ko ɗaya ranar jarrabawa, in koma gida. Haka na zauna mako uku. Ni da ban taɓa yin kwana uku ba aiki ba. Hannayen suka yi laushi har abokai a dandali suna cewa in zo in ba su albarka, wai na yi hannun limamin coci.

Litinin zuwa Alhamis ɗin nan muka yi aji. Mu shida ne, ni kaɗai namiji. A jikin wata riga mai roba da suke rataya wa kujera muke gwadawa. Ka rufe ƙofa da taga. Ka sa takunkumi. Ka wanke hannu minti uku cif, har gwiwar hannu. Ka goge tebur. Ka duba ranar da ke jikin ledar ruwan magani, ka matsa ta ko tana yoyo. Ka haɗa baki da baki ba tare da yatsanka ya taɓa tsinin ba. A faɗa abu ne mai sauƙi.

"Don Eusebio, me ka taɓa yanzu?"

"Ban taɓa komai ba."

"Hancinka."

"Takunkumin ne ya zame."

"To ka kashe ta. Koma famfo."

Matan suka yi dariya. Wata tsohuwa da ke koyo don mijinta ta ce, "Maistro, wannan karo na nawa ke nan? Ka bar mana baiwar Allah ta huta mana."

A ƙidayar Nas Herlinda, sau goma sha ɗaya na kashe Tila a makon nan. Sau ɗaya don na gyara hula, sau biyu don na rufe famfo da hannun da na wanke, sau ɗaya don na yi magana bakin robar na buɗe. Ban taɓa gajiya irin ta kwanakin nan ba. Ɗaukar buhun siminti zuwa hawa na uku bai kai tsayuwa a gaban matar nan kana tsoron yatsanka ba.

Ran Laraba ta ɗora ledar ruwan da ya fito a kan wata takarda mai rubutu.

"Karanta."

"A aji uku na tsaya, Nas."

"Ban ce ka gane ba. Kana ganin baƙaƙen ta cikin ruwan?"

"Ina gani."

"To ranar da ba ka gan su ba, ranar da ruwan ya fito kamar na wankin shinkafa, ko tana dariya tana cin abinci, ka ɗauko ta ka zo. Ba shayin ganye, ba jira zuwa gobe. Na ga mutum ya shigo da ƙafarsa ran Litinin, ran Alhamis aka fitar da shi a rufe."

Ran Alhamis na yi daga farko har ƙarshe ban kashe kowa ba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Talata za ka yi a jikinta, a gabana. Gobe kuma ina zuwa ganin ɗaki."

Ɗakin ban damu da shi ba. Nan ne fagena. Tun wata guda da ya wuce suka ba ni takardar abin da suke so, jikar maƙwabcina ta karanta mini sau biyu, na riƙe a kai. Kwana shida na yi a ɗakin bayan gidana kafin a hana ni aiki. Na fasa tsohon daɓe na sa tayil fari. Na toshe ramin iska na sama. Na sa gilashi a taga, na liƙe gefensa. Na ja ruwa na kafa wurin wanke hannu, da famfo mai dogon hannu da ake turawa da gwiwa. Na kafa ƙugiyar rataye leda a bango daidai tsayin da suka ce. Kajina na rabar. Karena, wanda ya shekara takwas yana kwana a ƙofata, na kai shi gonar ƙanena, kwana uku yana dawowa ina mayar da shi.

Takardar ta ce bango a yi masa fenti mai wankuwa. Na ji sarai. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba. Amma ni na san bangon nan, na san ƙasarmu ta bakin tafki. Fenti fata ce kawai, yana rufe danshi a ciki, bayan shekara ya kumbura ya yi baƙi. Farar ƙasa kuwa tana numfashi, kuma tana kashe cuta. Ubana, in mutum ya mutu a ɗaki, farar ƙasa yake shafawa kafin wani ya kwana ciki. Ita muke shafa wa rijiya, da garke, da gindin bishiya. Na ce a raina, wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Na jiƙa ganyen nopal, tsiron nan mai ƙaya, kwana uku har ruwan ya yi yauƙi, na zuba gishiri, na kwaɓa. Shafi uku na yi. Ɗakin ya fito fari tas, kana shiga kana jin tsabta a hanci. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne.

Da la'asar ran Alhamis na ɗauko Tila daga asibiti na kai ta gidanta. Tana sanye da doguwar riga mai sakin jiki, mai furanni ruwan ɗorawa, don yanzu ba ta iya ɗaura komai a ƙugu. Da kanta ta ɗinka wata 'yar ɗamara mai aljihu da take cusa bakin robar a ciki. Na dafa mata kabewa da ƙwai ba gishiri, da tortiya biyu, wato wainar masara. Ta ci loma uku ta ture.

"Tsoho, abincin nan ko haƙuri bai ba ni ba."

"Ci dai. Haka aka ce."

"Ji wanda ke cewa haka aka ce. Yaushe ka tuba?"

Ta ɗauki 'yar kwalbar ruwanta, wadda ita ce rabonta na yini, ta ɗaga ta duba abin da ya rage, ta jiƙa leɓe kawai ta ajiye. Wayata ta yi ƙara. Rigo ne. Shi rubutu yake yi mai tsawo, ni kuma sai in danna wayar ta karanta mini da muryar nan tata ta mace mara jini a jiki.

"Maistro, barka da yamma, da girmamawa. Gobe zan zo in ga ɗakin da idona. Ba raini ba ne. Uwa ɗaya gare ni. Daga gidana zuwa asibiti minti goma sha biyar ne, daga naka awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Ka yi tunani a kan wannan, ba a kan kanka ba."

Na danna na yi magana: "Ka zo."

Tila ta ce, "Shi ke nan amsar?"

"Me zan ƙara? Ya ce zai zo, na ce ya zo."

"Yaron nan tsoro yake ji, Chebo. Ba kai yake ƙi ba."

"Shekara uku yana jin tsoro? Tun kina da ƙoda biyu?"

Ta miƙo ƙafafunta kan cinyata na danna idon sawun da yatsa, kamar yadda aka koya mana. Ramin ya daɗe bai cike ba.

Ran Juma'a da hantsi kowa ya hallara. Tila ta zo cikin shuɗiyar rigar da take zuwa coci da ita, ta tsefe gashi ta ɗaure da kintinkiri, har da ɗan jan baki. Rigo ya iso da motarsa, farar riga a soke cikin wando, takalmi yana ƙyalli, ya miƙo mini hannu kamar mai karɓar takardar sammaci. Nas Herlinda ta sauko daga motar asibiti da allon rubutunta, ta ɗora baƙar rigar sanyi a kan fararen kayanta.

Tun daga tsakar gida ta fara.

"Dabbobi?"

"Babu."

"Wannan kwanon na waye?"

"Na kare ne. Ya tashi."

"Kwanon ma ya tashi."

Muka shiga ɗakin. Ta tsaya tana kallo. Ta taka tayil, ta duƙa ta bi layin haɗinsa da farce. Ta tura famfo da gwiwar hannu, ruwa ya zo, ta ce, "Wa ya ba ka wannan dabarar?"

"A asibitinku na gani."

"Gidaje ɗari na shiga, ban ga wanda ya yi ba."

Na saci kallon Rigo. Yana ta duba silin ko zai sami abin faɗa, bai samu ba. Ta auna ƙugiya, daidai. Ta kunna ashana a gefen taga ta ga ko iska na shigowa, harshen wutar bai motsa ba. Ta duba katakon da na jera don kada kwalaye su taɓa ƙasa. Tana ta sa alama, ina jin ƙarar biron. Tila na zaune a bakin gado tana shafa sabon zanen gadon, tana murmushi ƙasa-ƙasa. Ku yarda da ni, a lokacin na riga na fara tunanin inda zan sa mata kujera a tsakar gida, wajen da rana ke faɗowa da safe.

Sai Nas ta jingina da bango don ta gama rubutu.

Da ta ɗago, Rigo ya ce, "Nas, bayanki."

Ta juyo da kafaɗa ta duba. Baƙar rigar ta yi fari daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Ba sosai ba. Kamar an barbaɗa gari an kakkaɓe. Ta sa tafin hannu ta shafi bangon, ta duba, ta nuna mini.

"Mene ne wannan, Don Eusebio?"

"Farar ƙasa. Shafi uku, da nopal da gishiri."

"Me takarda ta ce?"

"Takarda ta ce fenti. Amma fenti ba ya yi a bangon nan. Ki tambayi kowane magini. Wannan tana kashe cuta, fenti ba ya kashe komai."

"Tana kashewa ranar da ka shafa ta da danshinta. Yau fa? Bangon nan kowane mako sai an wanke shi da bilic. Kawo tsumma ka wanke in gani."

Ban je neman tsumma ba, don na san abin da jiƙaƙƙen tsumma zai yi.

Ta ce, "Sau huɗu a rana za ka buɗe cikin matar nan a ɗakin nan. Garin da ya hau rigata, shi ne yake yawo a iskar da ke tsakanin yatsunka da robarta. Ba sai ka gan shi ba."

Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce shekara arba'in ina gini ba a taɓa mayar mini da aiki ba. Na ce mutanen birni in ba su ga abu a gwangwani da tambari ba, ba su yarda da shi. Na ce ubana ya fi duk likitocinsu sanin ɗakin mara lafiya. Muryata har waje. Ita kuwa ko gira ba ta ɗaga ba, ta bar ni na gama.

"Ba zan sa hannu ba. A kankare shi har filasta, a shafa abin toshewa, a yi fenti, ya bushe, wari ya fita. Talata da safe zan biyo kafin jarrabawarka. In ya yi, ya yi."

"Yau zan fara. Kafin dare na kankare."

"Da wane hannu?"

Na duba hannuna.

"Zan sa safar hannu."

"Garin ya shiga ciki ya haɗu da gumi ya cinye maka fata. Kai ka fi ni sani. Hannun da ya yi mako uku yana hutawa, awa biyu da ƙarfe zai yi ƙurji ya fashe. Ka kawo mini ɗaki mai kyau da hannu mai rauni, duk ɗaya ne, ba zan sa hannu ba."

Rigo ya gyara murya. Bai yi dariya ba, gara ma ya yi. A hankali ya ce, "Mama, mota na waje. Dalia ta gyara komai. Ki zo mu tafi yau, kin ga dai da idonki."

Na ce, "Ba inda za ta."

Ya ce, "Maistro, an karanta maka takarda ka ji, ka yi abin da ka ga dama. Ni ban ce komai ba, kai ka nuna."

Na yunƙura zan amsa, Tila ta ce, "Ku ba mu wuri. Rigo, raka Nas mota."

Suka fita. Ta nuna mini gefenta a kan gado, na zauna. Murmushin nan ya tafi, jan bakin kawai ya rage a fuskar da ta yi launin toka.

"An karanta maka?"

"An karanta."

"Ka ji fenti?"

"Na ji. Amma Tila, bangon nan..."

"Na san bangonka ya fi. Wataƙila ma kai ke da gaskiya, ni ban sani ba. Ba bangon ne ya tsorata ni ba, tsoho." Ta ɗora hannu a kan ɗamarar, inda robar take. "Wata rana ruwa zai fito da ɗan duhu, ka ɗaga ka duba ka ce ai wannan ba komai, ka fi su sani. Wata rana leda za ta yi sanyi, ka ce tsoma ta a ruwan zafi ya fi sauri, me nas ta sani. Yau bango ne. Gobe cikina ne."

Da zagina ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "Na gaji, Chebo. Ba ni da ƙarfin da zan riƙa gadin mai gadina. Zan bi yaron nan yau."

"Tila."

"Zuwa Talata. Ban ce na tafi ba. In Nas ta sa hannu a kan ɗaki da kai, da bakina zan gaya wa Rigo ya maido ni. Amma kada ka taɓa bangon nan. Ka je wurin Meliton."

Meliton mai fenti ne a layin bayan coci. Shekara goma sha biyu ba ma gaisawa, tun ranar da na ce a gaban mai gida da lebura cewa aikinsa rufa wa ragwayen magina asiri ne kawai. Shi kaɗai ne a garin nan zai iya gama ɗaki a kwana uku.

Na ce, "Kowa ban da shi."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata. Na riƙe mata jaka har mota. Rigo ya buɗe mata ƙofar gaba, ya kwantar da kujera, ya sa mata ɗan matashi don kada bel ya danne robar. Ya iya, ba zan ɓoye ba. Da za su tashi ya sauke gilashi ya ce, "Sai Talata, Maistro." Ban ji izgili a ciki ba. Na so in ji.

Na koma ɗakin na ɗauko ƙarfen kankara daga akwatin kayan aiki. Na daɗe a tsaye da shi. Bango huɗu ne kawai, ƙaramin ɗaki. Ni kaɗai, kafin rana ta faɗi na gama biyu. Har na ɗora bakin ƙarfen a kusurwa, na ji yadda ƙotar ta zauna a tafin hannuna, wurin da kanta ta saba zama, yanzu sai fata mai laushi. Na ajiye shi a kan taga. Na ɗauki malafa na fita.

Na tarar da Meliton a ƙofar gidansa yana wanke buroshi a bokiti. Ya ƙara ƙiba, gashin ya yi fari, ko fenti ne ban sani ba. Bai ɗago ba.

"A'a, yau wa ya mutu? Babban Maistro a layinmu?"

"Aiki na kawo."

"Na ji. Direban motar asibiti ya tsaya shan lemo a shagon ƙanwata. An ce bangonka ya yi wa nas kwalliya."

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Ni? Mai rufa wa ragwaye asiri?" Ya yarfe buroshin. "Yau asirin wa zan rufa? Faɗa da bakinka, ina son in ji."

Na cire malafa. Akwai mutum biyu a ƙofar maƙwabcinsa suna kallo, na san kafin yamma dandali ya ji.

"Nawa. Ni na yi kuskure. Ina roƙonka, Meliton. Don Tila."

Ya dube ni ya daɗe. Ina jin ya so in yi gardama don ya more.

"Donya Otilia ta sha ba ni tamal da zafinsa," ya ce. "Gobe da sassafe. Amma ka ji sharaɗina: kujera za ka ɗauko ka zauna a tsakar gida. In ka leƙo ka ce mini ga yadda ake yi, ko sau ɗaya, na tattara kayana. Kuma ban yi maka alkawarin zai bushe kafin Talata ba. Shafi uku ka ce? Kai ko kuskure sai ka yi shi da kyau."

Na ce na ji.

Ina hanyar komawa, rana ta karkata, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Tila. Na tsaya a gindin katangar coci na kara a kunne. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ta shiga wani wuri ta rufe ƙofa, ina jin ƙarar motocin birni daga nesa.

"Mun iso, tsoho. Rigo ne ya goyo ni har hawa na huɗu, yana haki yana cewa ba nauyi. Dalia ta sa hoton babansa da nawa a kan tebur. Jikokin sun wanke hannu sun yi layi suna jira in duba. Katifar tana da laushi, Chebo, bayana bai yi ciwo ba." Na zaci saƙon ya ƙare, sai ta ƙara: "Ka yi sauri. Kafin in saba."

Sau uku na saurara. Na danna zan amsa, na riƙe, ban ce komai ba, wayar ta aika mata da shirun.